Shekarar da Na Ƙi Tashar Tungar Jatau

Safiya, Usman, Maryam, akwai wata magana da kuka daɗe kuna yi a gabana cikin raha, ni kuma na daɗe ina barinta ta wuce. Duk sanda zancen Najeriya ya taso muna cin abinci, sai ɗayanku ya ce, da ba don Ummi ba, da yanzu Baba babban mutum ne a gida. Mahaifiyarku takan yi murmushi ta ci gaba da zuba miya, ni kuma in kawar da kai. To, yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ba ta da bakin da za ta kare kanta, ni ma kuma ban san ranar da za a kira ni ba. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin ya faru. Da gangan na rubuta da Hausa. Maryam, in wata kalma ta gagare ki, ki tambayi yayarki, kada ki ji kunya.

A shekarar da nake magana a kai, na yi shekara ashirin da biyu ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, wadda kowa a nan yake kira mina. Na fara ne da tsayuwa cikin rana da takarda a hannu, ina duba lambobin kwantena a wani kamfanin fitar da kaya. A hankali Allah ya ɗaga ni har na zama shugaban fili, ina da ofis mai sanyi da tagar da ke kallon teku. Babu abin da ban koya ba a wurin nan: inda ya kamata jirgi ya tsaya, kayan da ke iya jira da wanda zai ruɓe in ya kwana biyu, yadda ake raba hanyar motoci da ta mutane don kada a take wani. Amma kun sani, ni ba ɗan teku ba ne, ɗan kogi ne. A Tungar Jatau aka haife ni, kuma kakanku fito yake yi da kwalekwale, yana tsallakar da mutane da kayansu. Bakin ruwanmu taɓo ne zalla. Da damina sai ka ga buhunan albasa a jibge suna tsiro saboda babu inda za a ajiye su, mata suna naɗe zani suna kutsawa cikin laka kafin su kai ga jirgi. Kusan kowace shekara kuma sai an yi wa wani jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, ya kife da mutane. Yayana Garba shi ya gaji jirgin mahaifinmu. Ni aka sa makaranta, daga nan na bi aiki har ya kawo ni nan.

Gidanmu na unguwar Madain Fahd kun san shi fiye da ni, ku kuka fasa tagoginsa da ƙwallo. Abin da ba ku sani sosai ba shi ne yadda kakarku Hajja Sa'adiyya, wadda kuke kira Habboba, ta shigo rayuwata tun kafin ta zo ta zauna a ɗakin nan na kusa da kicin. Lokacin da na sauka Jidda ban san kowa ba, ban iya Larabci ba sai na salla. Wani ya nuna mini gidanta a unguwar Sharafiyya, inda take sayar wa ma'aikata abinci. Hausawan Sudan ne su, an haife ta can, aure ya kawo ta nan. Ranar farko da na ji ta ce da ni, "Zauna ka ci, ɗana," sai da na sunkuyar da kai don kada a ga idona. A shekarata ta biyu zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni a ɗakin da muke haya mu shida. Da ta ga kwana uku ban zo ba, ta aiko aka ɗauko ni, ta shimfiɗa mini katifa a zaurenta, ta yi jinyata har na miƙe. Da na nemi auren 'yarta Nafisa, danginta suka yi ca, suka ce ɗan kwangila ne, gobe zai tattara ya tafi da ita inda ba za a sake ganinta ba. Hajja ta saurare su duka, ta ba ni. Ba ta sa na yi mata alkawarin komai ba. Ku riƙe wannan.

Kiran ya zo ne wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ladan ne, abokina tun muna ninkaya tsirara a bakin kogi, wanda a lokacin ya zama ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu. Bai ma bari mun gama gaisawa ba.

"Haruna, ka ji abin da majalisar jiha ta yi?"

Na ce ban ji ba.

"Sun yi doka, gwamna ya sa hannu. Duk ƙaramar hukumar da ke bakin ruwa yanzu tana da ikon kafa hukumar tashar jiragen ruwa tata ta kanta. Mu za mu ware fili, mu gina matsaya, mu gina sito, mu sa doka a kan lodi. Abin da tashar ta samu kuma a garin zai zauna, ba sai mun je birni da hula a hannu ba. Kansiloli sun amince. Abu ɗaya ya rage mana, mutumin da ya san aikin."

Na ce Allah ya ba su mutumin kirki.

"Kai dai har yanzu ba ka daina wannan halin ba," in ji shi. "Duk ƙasar nan wa ya taɓa ganin tasha ta gaske in ba kai ba? Ka gyara ta Larabawa shekara ashirin, zo ka gyara ta ubanka."

Na ajiye wayar. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so wannan aikin ba. Ba don kujerar ba, ko da yake ita ma ta yi mini daɗin ji. Tun ina tsayawa cikin rana a mina nake kallon yadda ake sauke kaya cikin tsari, ina cewa a raina, ina ma a ce rabin rabin wannan yana Tungar Jatau.

Da la'asar na tara ku na faɗa. Kai Usman kana da shekara goma sha huɗu, tambayarka ta farko ita ce ko akwai filin ƙwallo mai ciyawa. Maryam kika ce ke ba za ki je inda dorina take ba, don na taɓa ba ki labarin wadda ta kifar da jirgin wani. Ke kuwa Safiya kina shekarar ƙarshe a sakandare, duk karatunki da Larabci ne, na ga kin duƙar da kai kina murza bakin gyalenki. Wadda nake tsoron kallo ita ce mahaifiyarku. A nan aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, ƙawayenta da kabarin mahaifinta duk suna nan. Da na ɗaga ido sai na ga fuskarta tana haske kamar an yi mata albishir da aikin Hajjin farko.

"Ya Abu Usman," ta ce, "yaushe za mu tafi?"

Hajja kuwa tana jan carbi a kan kujerarta, ƙafafunta a miƙe saboda ciwon gwiwa. Ta bari kowa ya gama.

"Allah ya sa alheri," ta ce. "Mutum ba ya ƙin kiran gida. Ku tafi."

Na ce ai da ita za mu.

Ta yi dariya. "Ya waladi, kakana shekara bakwai ya yi yana tafiya a ƙasa daga ƙasar Hausa don ya kusanci Ɗakin Allah, bai ƙaraso ba, ya mutu a Sudan. Ni na ƙarasa masa tafiyar. Yanzu sai in juya ta? Mijina yana kwance a nan. Ni khalas, shi ke nan, na iso."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce, za a lallashe ta daga baya. Na ɗauki hutun mako biyu na tafi gida in ga wurin da idona.

Ba zan iya kwatanta muku waɗannan kwanakin ba. Ladan ya zagaya da ni filin da suka ware, ni kuma ina tafe ina aunawa da taku, ina nuna inda ruwa ke da zurfi ko da rani, inda za a zuba kankare, inda sito zai tsaya ya ba iska baya. Masu jirage suka biyo mu, 'yan kasuwar albasa da na busasshen kifi suka biyo mu, kowa yana faɗin abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta ce 'ya'yanta biyu ruwa ya ci rana ɗaya, in har zan hana lodin banza to ta yafe wa gwamnati komai. Yaya Garba bai cika magana ba, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba. Ya ɗauke ni a jirginsa muka tsallaka, a tsakiyar kogi ya kashe inji.

"Mu muka zauna, kai ka tafi," ya ce. "Ban taɓa yi maka gori ba. Baba ya ce karatunka na gari ne, wata rana zai dawo. To ga ranar."

A gaban dagaci da kansiloli da jama'ar da suka cika ƙofar fada na ce na karɓa. Na roƙi wata huɗu kawai, Safiya ta gama jarrabawa in sallami aikina.

Da na dawo Jidda na tarar mahaifiyarku ta riga ni nisa. Ta sayar da keken ɗinkinta babba, wanda ta yi shekaru tana yi wa matan unguwa ɗinki da shi. Ta raba tukwane, ta ɗaure littattafanku a kwali. Kullum da safe tana soya ƙwai tana tambayata, yaya ake gaida surukai a can, durƙusawa ake yi har ƙasa ko rusunawa ta isa, me ake ce wa kaza, me ake ce wa kaza. Ta hana kanta sako Larabci irin su yalla da khalas, in ya kuɓuce mata sai ta bugi bakinta. Ta ce in daina bari tana kirana Abu Usman, don ta ji a can abin kunya ne mace ta kama sunan ɗan fari namiji haka gatsau. Wata safiya na tambaye ta, wai me ya sa take ɗoki haka, ita da ba ta san wurin ba.

Ta ajiye cokali. "Kai ba za ka gane ba, kana da gari. Ni a asibitin can aka haife ni, amma tun ina goye ake sabunta mini iƙama, takardar zama, kowace shekara. Da a ƙarƙashin babana nake, yanzu a ƙarƙashinka, kai kuma a ƙarƙashin kafilin da ya tsaya maka. Sudan da ke jikin fasfona sau biyu na taɓa ganinta. Ina so in zauna a tsakar gida, ƙasa a ƙarƙashin ƙafata, in shuka ko da barkono ne, in san ba wanda zai zo ya ce takardata ta ƙare."

Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa sanin wannan yana ranta ba.

Na kai takardar barin aiki. Mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, ya yi ta roƙona, da ya ga na kafe ya sa hannu, ya ce za a shirya mana bizar fita ta ƙarshe, wadda in ka fita da ita ba dawowa. Ya ba mataimakina ofishina tun kafin in tashi, don in koya masa aiki.

Saura Hajja. Mun yi lallashi har mun gaji. Nafisa ta yi kuka, ta yi fushi, ta turo ƙawayen tsohuwar su yi mata magana, duk a banza. Ashe ita ma ba zaune take ba. Ta riga ta yi magana da ɗan ƙaninta da ke Sharafiyya, ya ce ta zo ta zauna wurinsa. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, yana aiki a wata masana'anta a kudancin gari, yana fita tun asuba, ga 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu. Wata Asabar da hantsi Hajja ta ce in kai ta ta ga ɗakin da aka gyara mata. Mahaifiyarku ba ta bi mu ba, tana fama da kwalaye.

Gidan tsohon bene ne, babu na'urar hawa. Ɗakin yana can saman rufi, hawa na huɗu, wurin da suke ajiye tarkace a da. Hajja ba ta iya taka matakala uku a jere. Muka ɗora ta a kan kujerar roba, ni da shi muka ɗauka, muna hutawa a kowane hawa, gumi yana zuba, ita kuwa tana ta ba mu haƙuri tana sa mana albarka. Da muka isa na ga sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun share, sun yi fenti, sun sa katifa sabuwa da fanka. Amma rufin kwano ne, rana tana dukansa tun safe, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo. Banɗaki yana hawa na uku. Hajja ta zauna bakin katifar ta shafa ta, ta yi ta yabo, ta ce ɗaki kamar na amarya. Ɗan ƙanin nata ya sauka ya kawo mana ruwa. Muka rage mu biyu.

Na ce, "Hajja, wannan benen fa? Yaya za ki riƙa yi da asibiti?"

Ta dube ni da murmushin nan nata. "Kada ka damu, ɗana. Ai hawa ɗaya zan yi. Saukowar ba ni zan sha wahalarta ba."

Na miƙe. Na fita kan rufin na tsaya cikin rana. Matar da ta aika aka ɗauko ni daga ɗakin haya ina mutuwa, ta ba ni 'yarta ba tare da ta nemi ko kalma ɗaya ba, ita ce zaune a ciki tana lissafin yadda za a sauko da gawarta. Abin da danginta suka faɗa shekara goma sha tara da suka wuce, ga shi zan cika musu shi da hannuna. Kafin mu sauko da ita na riga na san ba zan tafi ba. Babu wanda ya roƙe ni. Ni kaɗai na yanke, a tsaye a kan rufin nan.

Washegari da safe, bayan kun tafi makaranta, na sami mahaifiyarku a kicin na gaya mata abin da na gani da abin da na yanke. Na zaci za ta rungume ni. Ta tsaya tana kallona, sannan ta zauna a kan kwalin da ta ɗaure da hannunta.

"Ka yanke," ta ce. "Kai kaɗai."

Na ce mahaifiyarta ce fa.

"Na san mahaifiyata ce! Ka zaci ban san benen ba? A gidan na yi wasa. Wata biyu ina kwana ina tashi da shi, ina ce wa kaina za mu je mu gina gida, in dawo in ɗauke ta ko tana so ko ba ta so. Na rufe idona da ƙyar, ya Abu Usman, kai kuma ka zo ka buɗe mini shi. Yanzu yaya zan ce mu tafi?"

Ta yi kuka irin wanda ban taɓa gani ba, ba na baƙin ciki kaɗai ba, har da na jin haushi, kuma na san rabin haushin nawa ne, rabi nata. Na ce ko in tafi ni kaɗai su zauna. Ta ce da wace takarda, tunda duk a ƙarƙashina suke? Daga ƙarshe ta share ido, ta ɗauki wuƙa ta yanke igiyar kwalin, ta fara fito da kofuna tana jerawa a inda suke da. Kwana tara ba ta yi mini magana ba sai ta dole.

Hajja ma ba ta gode mini ba. Ta kira ni ɗakinta ta yi mini faɗan da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce na ba jama'a kunya saboda tsohuwar da ta riga ta ci zamaninta, ta ce rayukan da ruwa zai ci fa, wa zai amsa? Wannan tambayar ta daɗe tana bina. Na ce mata tasha za ta sami wani, ita kuwa ba ta da wani Haruna. Ta juya fuska bango ta ce in fita in ba ta wuri.

Na kira Ladan a waya na gaya masa. Ya ce ya gane, amma na sa shi a bakin 'yan adawa, kuma gaskiya ya faɗa. Yaya Garba shi ne mai wuyar. Na yi masa bayani tun daga farko, ya saurara bai katse ni ba.

"Ka tsaya a ƙofar fada ka ce ka karɓa," ya ce. "Ni na tsaya a bayanka. Yanzu in fita kasuwa in ce musu me? Ƙanena ya zaɓi surukarsa a kan garin ubansa?"

Ya kashe wayar. Shekara huɗu bai ɗauki kirana ba. In na aika saƙo da salla matarsa ce ke amsawa. A garin kuma labari ya bazu cewa Balarabiyar da na aura ce ta shanye ni.

Mudir ya karɓe ni, amma ofishin ya riga ya zama na wani, kuma ban ga adalci a ce a tashe shi ba. Na koma fili, cikin rana, da takarda a hannu, ina da shekara arba'in da takwas, ina karɓar umarni daga wanda na koya wa aiki. Kun tuna lokacin da na yi baƙi ƙirin har Maryam take cewa an canza mata Baba? To lokacin ne. Duk Juma'a bayan salla nakan zauna in zana abin da na auna da taku a bakin kogi, in rubuta yadda za a tsara lodi da yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, in aika wa Ladan. Suka ba wani injiniya daga birni shugabancin. Ya ɗauki wasu shawarwarina, ya watsar da wasu. Sito ya gina shi a inda na ce kada a gina, ruwa ya shiga shekarar farko. Amma matsayar kankare ta tsaya, dokar lodi ma ta kama, ko da yake ba kullum ake binta ba. Babu sunana a ko'ina a wurin, kuma na yi shekaru kafin hakan ya daina yi mini ciwo.

Wanda ya gyara tsakanina da Yaya ba ni ba ne. Shekarar da ya zo aikin Hajji, mahaifiyarku ce ta nemo masaukinsu, ta je da kanta da abinci, ta durƙusa har ƙasa yadda ta koya, ta ce Hajja tana son ganinsa. Kunya ta hana shi ƙi. Ya zo gidan bai kalle ni ba, ya wuce ɗakin Hajja. Sun fi awa biyu a ciki. Ina jin muryarta tana tambayarsa sunayen garuruwan da kakanta ya bi, yana gaya mata waɗanda ya sani. Da ya fito ya tsaya yana neman takalminsa, bai ɗago ba.

"Da ka gaya mini irin wannan ce," ya ce.

Na ce na gaya masa.

"A waya ba a ganin mutum." Ya sa takalmin. "Akwai shayi a gidan nan, ko sai na roƙa?"

Hajja ta yi shekara shida bayan wancan hawan benen. A ɗakinta na kusa da kicin ta cika, da rana tsaka, kan Nafisa a kusa da nata, ku ukun kuna tsaye. Zuwa lokacin Safiya ta yi aure a nan, Usman yana jami'a, kujerar can kuma ta daɗe da mai ita. Tafiyar ta wuce mu.

Abin da ya sa ba ku san wannan ba, mahaifiyarku ce ta hana. Tun a makon farko ta ce kada in kuskura in gaya muku saboda Habboba muka zauna, don kada wata rana ɗayanku ya dubi tsohuwar ya ga kaya. Da kuka tambaya me ya sa aka kwance kwalaye, ita ta riga ni, ta ce ita ce ba ta son zuwa. Wadda ta fi kowa son tafiyar ita ta ɗauki laifin hana ta, a gidan nan da can garin duka, ni kuma na yi shiru na bar ta da shi, don ya yi mini sauƙi. Wannan ne kuskurena a cikin labarin, ba zaman ba.

Sau ɗaya na kai ta, bayan rasuwar Hajja da shekara guda. Mako uku muka yi. Matar Yaya ta ba ta wani lungu a bayan ɗaki, ta shuka barkono da yakuwa tana sane ba za ta ga sun yi 'ya'ya ba. Ana gobe za mu taso muka sauka tashar da hantsi. Jirage suna jere a jikin kankare, ana loda albasa, wani ma'aikaci yana ƙirga fasinja yana mayar da waɗanda suka yi yawa, suna zaginsa. Ni ina ta kallon sito ina cizon yatsa. Da na waiwaya ban gan ta ba. Can na hango ta a ƙarshen matsayar, inda kankare ya ƙare, ta cire takalmi ta shiga ruwa har idon sawu, da safarta da komai, bakin abayarta yana jiƙewa. Matan da ke wanki suna yi mata dariya, tana mayar musu da Hausarta mai ɗanɗanon Larabci. Na je na tsaya a gefenta. Ta daɗe tana kallon tsallaken kogin.

"Abu Usman," ta ce, "ka yi daidai. Amma har yau ban gama yafe maka ba."

Na ce na sani.

Ta kama hannuna a gaban mutane, abin da ba a yi a garinmu. "Saura kaɗan," ta ce.

Mun yi shekara goma sha ɗaya tare bayan wannan. Ban taɓa tambayarta ko ta ƙarasa ba, ita ma ba ta faɗa ba. In kun idar da salla ku yi mata addu'a, ku haɗa da Habboba da Baffanku Garba. Ni kuma ku roƙa mini ragowar.